Biyan kuɗi da taɓa waya: yadda abin yake aiki, da abin dubawa kafin a miƙa kaya



Tambaya guda ta yi ta maimaituwa a cikin saƙonnin da kuke aiko mana. Ƴan uwa mazauna Faransa, Beljiyam, Amurka, Saudiyya da Dubai suna ba da labarin cewa a can mutum kan shiga kanti ya ɗebi kaya, ya kara wayarsa a jikin wata ƴar na'ura, ta yi ƙara sau ɗaya, shi ke nan ya biya. Ba ƙirgar kuɗi, ba jiran canji. Na gida kuma suna tambaya: wannan abu zai yi aiki a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko kasuwar ƙauye mai ci mako-mako? In ɗana ya aiko mini da irin wannan waya, ni ma zan iya?

Amsar a taƙaice ita ce, taɓawar nan da ido ke gani ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin. A bayanta akwai sarƙa mai zobe biyar: waya, asusu, na'urar mai kanti, rezo da wuta. In zobe ɗaya ya tsinke, kuɗi ba su tafi ba, ko da wayar ta miliyan ce. Wanda ya san zobban nan ba zai sayi wayar da ba ta yi masa amfani ba, kuma ba zai miƙa buhun gero a kan saƙon ƙarya ba.

Hanyoyi uku da ake haɗawa a suna ɗaya

Idan aka ce biyan kuɗi da waya, abubuwa uku ne daban-daban.

Na farko shi ne wanda muka saba da shi: ka danna tauraro, ka sa lambobi, ka rufe da alamar tsani, jerin zaɓi ya fito, ka sa lambar wanda za ka biya da yawan kuɗin, sannan lambarka ta sirri. Sunan wannan hanya USSD. Da ita Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash ke aiki a ƙananan wayoyi masu maɓalli, kuma ba ta buƙatar intanet ko mega.

Na biyu shi ne ɗaukar hoton wani zane mai kusurwa huɗu, mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, wanda ake kira QR. Wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun kayan haɗa motoci, daga baya Alipay da WeChat Pay suka mayar da shi hanyar biyan kuɗi ta yau da kullum a ƙasar Sin, har wajen masu sayar da kayan miya.

Na uku shi ne taɓawar da ƴan uwanmu ke ba da labari, wadda ake kira NFC. Japan ta fara sa ta a wayoyi tun 2004. Apple Pay ya fito a Amurka a watan Oktoban 2014, Samsung da Google suka biyo baya da nasu a 2015.

Taɓawar ƴar gidan rediyo ce

Mu ma'aikatan rediyo wannan abu bai zame mana baƙo ba. Tashoshin FM na watsa shirye-shirye tsakanin megahaz 87.5 da 108. Ita NFC tana aiki a kan megahaz 13.56, wato kusa da mita 22 a gajeren zango, maƙwabciyar mitocin da iyayenmu ke murɗa akwati su kamo labaran duniya.

Bambancin shi ne, gidan rediyo yana so muryarsa ta je nesa, ita kuwa an gina ta ne don kar ta wuce kamar santimita 4, faɗin yatsu biyu zuwa uku. A cikin na'urar mai kanti akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe kamar gammo. A bayan wayar salula akwai irinta. Idan gammo biyun suka kusanci juna, ƙarfin maganaɗisu na ɗaya yana motsa wuta a cikin ɗayan, sai su yi musayar bayani cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Shi ya sa katin banki mai wannan fasaha ba ya da batir: daga na'urar yake aron wutar da yake magana da ita. Shi ya sa kuma rigar waya mai kauri ko mai ƙarfe ke hana abin kamawa, sai a cire ta a sake gwadawa.

Me ke wucewa tsakanin waya da na'ura?

Kuɗi ba sa zaune a cikin wayar, kuma ba su ne ke tsallakawa zuwa na'ura ba. Abin da ke tsallakawa izini ne.

Katin banki yana da lamba mai tsawo, galibi guda 16. Ranar da mutum ya sa katinsa a cikin Apple Pay ko Google Wallet, ba a ajiye wannan lamba a wayar. Ana ba wayar wata lamba ta daban da za ta wakilce ta. Ku ɗauke ta kamar ƴar shaidar da mai gadin babura ke ba ka a bakin kasuwa: a wajensa tana nufin babur ɗinka, a wata kasuwa kuwa guntun kwali ce kawai. Lambar wakilcin nan ta wannan waya ce ita kaɗai.

Bayan haka, duk lokacin da aka taɓa, wayar na haɗa wata lambar sirri sabuwa ta wannan ciniki kaɗai. Wannan kuma kamar katin kiredi ne da ake kankarewa: da zarar an sa shi sau ɗaya, ya mutu. Ko wani ya kwafi abin da ya wuce, ba zai iya sake biyan wani abu da shi ba.

Daga nan na'urar za ta aika saƙon zuwa bankin mai kanti. Shi kuma ya miƙa wa cibiyar katunan, Visa ko Mastercard, inda ake mayar da lambar wakilci zuwa ta ainihi. Sai a tambayi bankin mai saye: akwai kuɗi a asusun nan? In akwai, amsa ta biyo hanyar da ta zo, na'ura ta nuna an karɓa. Duk wannan tafiya cikin ƴan daƙiƙoƙi ake yin ta, in hanya na da kyau.

Zobe na farko da na biyu: waya da asusu

Ba kowace babbar waya ce ke da NFC ba. Da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi na Tecno, Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu ba su da ita, wasu kuma suna da ita. Har ma akan samu waya mai suna ɗaya, wadda aka yi don wata ƙasa tana da ita, wadda aka kawo wata ƙasar babu. Hanyar ganewa ita ce a shiga saitin waya a rubuta NFC a wurin bincike. In bai fito ba, babu. Manhajojin biyan kuma sukan ƙi wayar da masu gyara suka fasa tsarinta, da wadda ba a sa mata makulli ba.

Ko wayar na da ita, da sauran aiki. Dole bankinka ya ƙulla yarjejeniya da mai manhajar, kuma manhajar ta zama an buɗe ta ga ƙasar da bankin yake. A Afirka, Apple Pay ya shiga Afirka ta Kudu a 2021, Maroko a 2023, Masar a 2024. Ƙasa-ƙasa ake buɗewa, banki-banki.

A nan ne ƴan uwa na ƙetare ya kamata su lura. Wayar da ke biya maka a Paris tana biya ne saboda katin bankinka na Faransa da ke cikinta. In ka goge ta ka aiko wa Baba a Tasawa, waya ce ta iso, asusun bai biyo ta ba. In kuma ka bar katinka a ciki, to ka ba shi makullin asusunka ne, kuma duk abin da ya faru kai bankin zai tambaya.

Zobe na uku: na'urar mai kanti

Taɓawa aikin mutum biyu ne. Mai kanti sai ya mallaki na'urar da a nan ake kira TPE, a Najeriya kuma POS, kuma ta zama mai alamar nan ta layuka huɗu lanƙwasassu kamar tashin murya. Banki ne ke ba da ita, sai mai kanti yana da asusu, kuma akan yanki wani kaso a kowane ciniki. A yankinmu akwai cibiyar GIM-UEMOA da aka kafa a 2003 don katunan bankuna daban-daban su yi aiki a na'urorin juna. Amma na'urorin sun fi yawa a manyan otal-otal, manyan kantuna, wasu kantunan magani da gidajen mai na birane. Mai tebur da mai ƙosai ribarsu ba ta ɗauki wannan nauyi ba.

Akwai sabuwar dabara da ke mayar da wayar Android mai NFC ta zama ita ce na'urar karɓa, ba sai an sayi wata ba. Tana rage tsada, amma ita ma tana neman waya mai kyau, intanet da yardar banki.

Zobe na huɗu: rezo, kuma wa ke buƙatarsa?

Wannan tambaya ita ce ta fi muhimmanci ga ƙauye, domin kowace hanya da wanda ta ɗora wa nauyin rezo.

A taɓawa, mai saye yana iya biya ko ba shi da mega. Wayoyin Apple da wasu na Android suna ajiye lambar wakilci a cikin wani ɗan guntun ma'aji na musamman da ke jikinsu. Wasu na Android kuma, tun daga tsarin da Google ya shigo da shi a 2013, suna sauko da ƴan makullai kaɗan daga intanet su ajiye, in sun ƙare sai wayar ta sake hawa intanet. Amma na'urar mai kanti dole ta samu hanya zuwa banki. In rezo ya ɗauke, sai ta yi ta juyi har ta ce ciniki bai yiwu ba.

A QR na manhaja, wanda ke ɗaukar hoton shi ke buƙatar intanet.

A USSD kuwa, rezon kira kawai ake nema, ko da 2G ne. Matsalarta ita ce tana da gajen haƙuri: in ka daɗe kana neman lamba, sai layin ya yanke ka faro daga farko. Kuma lambobi da yawa da ake dannawa da hannu suna buɗe ƙofar kuskure.

Ƙaramar waya ta riga ta nuna abin da za ta iya a ƙasar nan. A 2010, bayan farin da aka yi, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kusan jika 22 a wata har wata biyar a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Wasu ƙauyukan an ba su hannu da hannu, wasu ta waya da tsarin Zap na lokacin. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna waɗanda suka karɓa ta waya sun rage ɓata lokaci wajen tafiya da jiran layi, kuma abincin gidajensu ya fi bambanta. Ba intanet, ba taɓawa. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne akwai rezo, akwai kuma wakilin da za a je a karɓi tsaba a hannunsa.

Zobe na biyar: wuta da zafi

Takardar jika ba ta neman caji. Waya kuwa in batir ya mutu, aljihu ya rufe. A ƙauyukan da wutar Nigelec ba ta kai ba, inda ake dogara da sola ko a kai waya wajen mai caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babbar waya mai gilashi tana shan wuta a yini ɗaya, ƙarama mai maɓalli tana kwanaki.

Sai zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. Wayar da aka bari a kan tebur cikin rana tana rage gudu, ko ta kashe kanta, batir ɗinta kuma ya yi saurin lalacewa. Na'urar TPE ma haka, ga ƙurar hunturu da ke shiga ramukanta. Mai kanti ya nema mata inuwa da ƴar jaka. Mai fita kasuwa kuma ya riƙe ɗan abin da zai kai shi gida a aljihu, ko da asusunsa cike yake.

Me ya sa QR ya fi saurin yaɗuwa a ƙasashe irin namu

Dalilin sauƙi ne: mai kanti ba ya sayen komai. Takarda ce ake buga masa ya liƙa. A Senegal da Kodebuwa, kamfanin Wave ya yaɗu da wannan hanya, har yana ba waɗanda ba su da babbar waya kati mai zanen QR su riƙa kai wa wakili. A nan gida ma, masu amfani da manhajoji irin su MyNita da AmanaTa sun riga sun saba da motsa kuɗi daga gilashin waya, saboda haka matakin ba mai nisa ba ne.

Zanen iri biyu ne. Akwai na dindindin, wanda aka liƙa a bango: yana ɗauke da lambar mai kanti kawai, kai za ka rubuta yawan kuɗin. Akwai kuma wanda wayar mai kanti ke haifarwa sabo a kowane ciniki, da kuɗin a ciki. Na biyun ya fi tsaro. Na farkon yana da rauni guda: ido ba ya karanta QR. Ɓarawo na iya liƙa nasa a kan na mai kanti, kuɗi su riƙa tafiya wani wuri. Maganinsa kyauta ne. Bayan ɗaukar hoto, suna zai fito a wayarka. Karanta shi da ƙarfi mai kanti ya ji kafin ka sa lambar sirri. Shi kuma mai kanti ya shafa takardarsa kowace safiya ya ji ko an yi mata ƙari.

Dala a baki, faran a waya

Ga wani abu da masu ƙera manhajoji a ƙasashen waje ba su san da shi ba. Mu da dala muke ƙirga, waya kuwa da faran take ƙirga. In mai nama ya ce maka ɗari, yana nufin dala ɗari, wato faran 500. In ka rubuta 100 a waya, dala ashirin ka biya shi. In ya ce ɗari biyu, jika guda ke nan, 1000 za a rubuta. Ƙa'idar ita ce a ninka abin da baki ya faɗa sau biyar. Sifili ɗaya kuma da ya ƙaru yana mayar da jika 5 ta zama jika 50.

Saboda haka kafin a tabbatar, mai saye da mai sayarwa su dubi gilashin tare. Dattijon da karatun boko bai samu ba, ya nemi ɗansa ko amintaccensa ya karanta masa adadin, amma lambar sirri shi zai danna da yatsansa.

A wani gefen kuma, nan ne amfanin abin ya fi fitowa. Rigimar rashin canji, dala biyar da dala goma da ake cewa a dawo anjima ko a karɓi alewa a madadinsu, ba ta tasowa a biyan waya. Sai dai a tambayi abin da ake yanka wajen cire kuɗi, domin in caji ya fi canjin da ake gudu, ba a ci riba ba.

In asusunka da na mai kanti ba gida ɗaya ba ne

An daɗe ana fama da wannan: kai kana wannan kamfani, shi yana wancan, kuɗi ba sa tsallakawa sai an cire an sake zubawa, a biya caji sau biyu. Babban bankin BCEAO, mai kula da sefa a ƙasashe takwas, wato Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo, ya ƙaddamar da wani dandali mai suna PI-SPI a ranar 30 ga Satumban 2025. Manufarsa ita ce kuɗi su tashi daga banki, ko asusun waya, ko ƙaramar ma'ajiyar bashi da ajiya, su sauka a wani gidan cikin daƙiƙoƙi, dare da rana, har da amfani da QR. Gidajen kuɗi suna shiga ne ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ka tambayi naka ko ya shiga.

Iyakar Najeriya kuma wani zance ne. Sefa da naira tsari biyu ne da ba su haɗe ba. Ɗan kasuwar da ke zuwa Jibiya, Illela, Maigatari ko Kano ya sani asusun sefa ba ya biya kai tsaye a na'urar POS ta naira, sai ta hannun ɗan canji ko katin ƙasa da ƙasa, shi ma da nasa cajin.

Iyakar kuɗin da ake iya taɓawa

Ƙasashe da yawa suna sa iyaka don in kati ya faɗi asarar ta zo da sauƙi. A Faransa, tun watan Mayun 2020, kati na biyan har yuro 50 ba tare da lambar sirri ba, kusan jika 33 ke nan. A Najeriya, babban bankin ƙasar ya sa iyakar naira 15,000 a ciniki ɗaya da naira 50,000 a yini, a ƙa'idojin da ya fitar a watan Yunin 2023. Abin da ya wuce haka sai an tabbatar da mai shi.

A yankin sefa, ƙa'idar da BCEAO ya fitar a 2015 kan kuɗin waya ta ce wanda bai ba da takardar shaidarsa ba ba zai wuce jika 200 a wata ba, wanda ya bayar kuma yana iya ajiye har miliyan 2. Ta kuma wajabta wa kamfani ya ajiye tsabar kuɗi a banki daidai da abin da ke cikin asusun jama'a. Darasin shi ne layi da asusu su zama da sunanka. Wanda ke aiki da layin da aka yi wa rajista da katin maƙwabci, ran da waya ta ɓace ba shi da bakin magana.

Ina ɓarawo yake shigowa?

Mutane da yawa suna tsoron wani zai goge su a cikin cunkoso ya kwashe kuɗi daga waya. Wannan shi ne mafi wuya, domin sai an matso santimita kaɗan, kuma wayar na neman a buɗe ta da yatsa, fuska ko lamba. Kati ya fi waya rauni ta nan, tunda shi ba ya tambayar kowa a ƙananan kuɗi.

Ɓarayi sun fi bin hanyar da ba ta neman ilimi. Akwai saƙon ƙarya mai kama da na kamfani da ake turo wa mai kanti. Akwai hoton tsohon biya da ake nuna masa a gilashin waya. Akwai mai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a faɗa masa lambar sirri ko lambar da ta shigo yanzu don ya gyara asusu. Akwai mai cewa ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, alhali bai turo komai ba. Akwai kuma wanda ke zuwa ya sa a sabunta layinka da sunan ya ɓace: in ka ga wayarka ta rasa rezo alhali na kusa da kai suna da shi, ka garzaya ofishin kamfani a ranar.

Ba kamfanin da ke neman lambar sirrinka ta waya. Kar ta zama shekarar haihuwa, ko 1234, ko ƙarshen lambar wayarka. Kar a rubuta ta a bayan waya. Kuma kar a kai wa mai caji ko mai gyara waya a buɗe.

In kuɗi sun fita ba su shiga ba

Yakan faru rezo ya yanke a tsakiyar hanya: an cire a wajenka, shi bai gani ba. Waɗanda suka yi fatauci a Najeriya a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sun ga irin wannan da yawa sa'ad da kowa ya koma tura kuɗi lokaci guda hanyoyi suka cushe.

In ya same ka, kar ka sake biya nan take. Ku duba ragowar asusunku ku biyun. Kowane biya yana da lambar shaida a cikin saƙon da ya zo: adana ta, da rana da lokaci da adadin kuɗin. Da ita ake kai ƙara wajen kamfani ko banki, kuma da ita ake gano inda kuɗin suka maƙale. Wanda ya goge saƙo ya yar da resinsa.

Abin riƙewa

Ga ɗan uwa na ƙetare: kafin ka sayi waya mai tsada don gida, tambayi wane rezo ne ke kamawa a garin, ina ake caji, wane wakili ne ya fi kusa, kuma wace hanya masu kantin garin ke karɓa. Sau da yawa ƙaramar waya mai riƙe batir, da layi mai sunan mai shi, da ɗan faifan sola, sun fi amfani. In za ka zo hutu, wayarka za ta iya biya a wasu manyan wurare na Yamai masu na'urar da ke karɓar irin katinka, amma ka zo da shirin tsaba don sauran tafiyar.

Ga mai saye: duba suna, duba adadi da faran, sannan lambar sirri.

Ga mai sayarwa kuma ƙa'ida guda ce ta fi duka. Ƙarar na'ura, da hoton da ke wayar mai saye, da rantsuwarsa, duk ba su ne biya ba. Biya shi ne ka buɗe asusunka a wayarka da hannunka, ka ga ragowar ta ƙaru. Gani ya kori ji. In ka gani, ka miƙa kaya.

Masu kanti da suka fara karɓar kuɗi ta waya, da waɗanda suka gwada suka bari, ku aiko mana da abin da kuka gani a garuruwanku, za mu karanta a shirinmu na gaba. Wanda ya karanta wannan kuma ya karanta wa na kusa da shi. Mu kwana lafiya.